Ku Tambaya Mu Amsa: Maciji, Ɓera da Jemage a Gidajen Bakin Gari

Yawancin wasiƙun wannan fitowar daga unguwannin da birnin Kano ya haɗiye gonakinsu suka zo, irin su Ɗanbare, Langel da hanyar Gezawa, inda gida yake maƙwabtaka da kango da gonar dawa. Mun zaɓi biyar.

Tambaya: Assalamu alaikum. Bara muka tare a sabon gidanmu, kuma a damina ɗaya sau biyu muna kashe maciji a tsakar gida. An ce in zagaye katanga da baƙin mai da fiya-fiya, in kuma shuka taba. Shin hakan yana korarsu? Daga wani magidanci a Langel.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ku ɓata kuɗinku. Baƙin mai da kalanzir da fiya-fiya ba sa tsare maciji. Ruwan sama ɗaya zai wanke su, abin da zai rage shi ne guba a ƙasar da yaranku da kajinku suke wasa a kai, ga kuma rijiya idan tana kusa. Taba da tafarnuwa ma babu wata hujja da ta tabbatar suna korarsa.

Abu uku ne suke jawo maciji gida: abinci, maɓoya da laima. Abincinsa ɓera ne da kwaɗo da ƙadangare da ƙwai da 'yan tsaki. Don haka ku fara da zagaya gidan da rana tsaka, ku duba. Ragowar bulon da magina suka bari a jikin katanga, tarin itacen girki a ƙasa, tsofaffin kwanukan rufi da aka jingine, tayoyi, karan dawa da aka tara don dabbobi: duk ɗakunan kwanansa ne. A kwashe bulon, a ɗora itace a kan maɗori mai tsayin kamu biyu daga ƙasa, nesa da ɗakin kwana. A nome ciyawa akalla mita biyu zuwa uku a kewayen katanga ta waje, ko da kangon ba naku ba ne. Ku nemi izinin mai shi ko ku haɗa kai da maƙwabta.

Sai ƙofofin shigarsa. Babbar hanyarsa a gidajenmu ita ce kwatar da ke fitar da ruwan tsakar gida ta ƙasan katanga. A sa mata ragar ƙarfe mai ƙananan ido, kamar milimita 6, a kama ta da siminti, a riƙa share ta don kada shara ta toshe ruwa. Ƙasan ƙofar ɗaki kuwa, in dai yatsanku zai shige, ƙaramin maciji zai shige. A buga masa falle na roba ko na ƙarfe. Famfo mai ɗiga da gindin randa mai jiƙa kullum suna tara kwaɗi, kwaɗi kuma suna kiran mai cin su.

Da dare kowa ya fita da tocila da takalmi rufaffe, ko da fitsari zai je. Masu shimfiɗa a tsakar gida lokacin zafi su hau gado, su sa gidan sauro su cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, domin kumurci yana shiga gida da dare yana farautar ɓera, kuma yana saran mai barci idan ya juya ya danne shi. In kun ga maciji, ku janye yara, ku bar masa hanya. Da yawa daga cikin waɗanda ake kaiwa asibiti da sara a hannu, wajen ƙoƙarin kashewa ko ɗaga gawar suka gamu da shi, saboda kan maciji yana iya sara bayan an datse shi.

Tambaya: Idan tsautsayi ya faɗa aka yi sara, me ya kamata mu yi kafin mu isa asibiti? Kakarmu tana da baƙin dutse, kuma mun saba ɗaure ƙafa da tsumma a tsaga wurin. Daga wata malamar makaranta a Dawakin Kudu.

Amsa: Malama, wannan ita ce tambayar da muka fi so kowa ya karanta, domin abubuwan da aka saba yi ɗin nan suna cikin abin da ke jawo yanke ƙafa. Ɗaure ƙafa tamau yana tsayar da jini ya kashe nama. Tsagawa da reza ga wanda kububuwa ta sara kuwa ganganci ne, saboda aikin dafinta shi ne hana jini daskarewa, sai tsagar ta yi ta zuba ba tsayawa. Tsotsa da baki ba ya fitar da komai. Baƙin dutse yana manne wa ciwo ne don yana shan danshi, ba dafi yake zuƙewa ba, kuma babbar illarsa ita ce awannin da ake ɓatawa ana jiran ya faɗi.

Ga abin yi. A janye mutum daga wurin, a zaunar da shi a kwantar masa da hankali. A cire zobe, awarwaro, agogo da takalmi kafin kumburi ya kama su. A ɗora gaɓar a jikin sanda ko katako a naɗe ta sako-sako yadda ba za ta motsa ba, kamar yadda ake yi wa karaya. Kada ya yi tafiya da ƙafarsa. A ɗauke shi. In a babur ne, ya zauna a tsakiya wani ya riƙe shi ta baya. In yana amai ko jiri, a kwantar da shi ta gefen hagu. Don ciwo a ba shi farasitamol kaɗai. Asfirin da ibufurofen da dikulofenak suna ƙara zubar jini. A lura da lokacin da aka yi saran, likita zai tambaya. Ba sai an kamo macijin ba. Hoto daga nesa ya wadatar.

Uku ne suka fi yi mana ɓarna a wannan yanki. Kububuwa, wadda ake wa kirari da gobe da nisa, gajeriya ce, ba ta cika wuce taƙi biyu zuwa uku ba, tana goga jikinta ta yi ƙara kafin ta kai sara, kuma ita ta fi kashe manoma lokacin noma da girbi. Hatsarinta shi ne mutum yana iya jin kamar ya samu sauƙi, sai bayan awanni ko kwana guda jini ya fara fita ta dasashi, ko a fitsari, ko ta tsohon miki. Kasa mai kauri ce, ba ta gudu, tana kwance a kan hanya har a taka ta. Tata alamar kumburi ne mai tsanani da ƙuraje masu ruwa. Kumurci yana fasa kai yana tsartuwa. In ya tsarta wa mutum a ido, a wanke da ruwa mai yawa tsawon minti 15 zuwa 20, kada a murza, kada a ɗiga wani haɗi, sannan a tafi asibiti. In fatar idon wanda aka sara ta fara saukowa, ko haɗiyar yawu ta gagara, numfashi ne ke cikin hatsari, a yi gaggawa.

A asibiti akwai gwaji mai sauƙi: a zuba kamar mililita 2 na jini a busasshiyar kwalba mai tsabta, a ajiye minti 20, a karkata ta. In jinin bai daskare ba, dafi ya shiga, sai allurar kashe dafi. Ita ce kaɗai maganinsa. Irin su EchiTAb an haɗa su ne musamman don macizan Nijeriya, kuma su ake amfani da su a asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe. Ba kowace allurar da ke kasuwa ce take aiki a kan macizanmu ba. Wadda aka yi don macizan Indiya ba ta tsinana wa saran kububuwarmu abin kirki. Ku tafi babban asibiti mafi kusa, in babu allurar su tura ku cikin gari, irin su Asibitin Murtala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Kuma ko an ga kamar ba komai, kada a matsa a sallami mutum kafin ya kwana ana duba shi.

Tambaya: Ɓeraye sun addabi ɗakin ajiyar hatsinmu. Mun sa guba, sun ragu, bayan wata guda sun dawo, kyanwarmu kuma ta mutu. Daga wata uwargida a Gezawa.

Amsa: Hajiya, kyanwar ta ci ɓeran da ya ci guba ne, kuma haka mujiya da kaji suke mutuwa. Guba tana rage waɗanda ke nan, amma muddin ɗakin yana ba da abinci, wasu za su cike gurbin. A sauke hatsin daga tsirara: a zuba a durom na ƙarfe mai murfi, ko buhun nan mai leda biyu a ciki da ake ɗaurewa kashi uku. A jera buhuna a kan katako, taƙi guda daga ƙasa, a bar rata kamar rabin mita tsakaninsu da bango yadda za a iya zagayawa da tsintsiya. Ramukan gindin bango a cusa musu tsakuwa ko fasassun kwalabe sannan a shafe da siminti, don ɓera yana haƙe ƙasa zalla a dare ɗaya.

Tarko ya fi guba. A jera shi a jikin bango, nan ne hanyarsu, a sa ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi. Dare biyu ko uku na farko kada a ɗana, a bari su saba da ci, saboda ɓera yana tsarguwa da sabon abu. Sannan a ɗana duka a dare guda. Ƙwayar da ake jefawa a buhu don kashe ƙwari kuwa, kada a taɓa amfani da ita a ɗakin da ake kwana ko mai haɗe da shi. Iskar da take fitarwa tana kashe mutum cikin barci.

Akwai dalilin da ya fi asarar hatsi. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma ya fi tashi da rani. A farkon 2020 ya taɓa mu a nan Kano har da ma'aikatan lafiya. Don haka kada a share kashin ɓera a bushe. A jiƙa shi da ruwan bilic, kashi ɗaya cikin tara na ruwa, a jira minti biyar, a kwashe da leda a hannu. Mushen ɓera a binne shi da zurfi. A daina shanya gari da tsaki a ƙasa a kwana. Jaɓa, mai dogon baki da wari, ba ɓera ba ce; kyankyasai da ƙwari take ci, hatsinku bai dame ta ba.

Tambaya: Jemagu sun cika silin ɗinmu, wari ya hana mu sakat. In toshe ramin ko in yi musu hayaƙi? Daga wani ɗalibi a Ɗanbare.

Amsa: Ko ɗaya kada ka yi, ɗan'uwa. In ka toshe da rana za su mutu a ciki, warin ya ninka; hayaƙi a ƙarƙashin rufi kuma neman gobara ne. Waɗannan ƙananan jemagu ne masu cin sauro da ƙwari, ba manyan da ke rataye a bishiyoyi suna shan 'ya'yan itace ba. Ka tsaya a waje da magariba kwana biyu ka ga ta inda suke fita. Ratar santimita ɗaya da rabi ta ishe su. Ka toshe duk ƙananan kafofin, ka bar babbar. A kanta ka rataya ragar sauro, ka kafe sama da gefe biyu, ka bar ƙasan a sake ya sauko kamar santimita 60. Za su zame su fita, ba za su gane hanyar komawa ba. Bayan mako guda ka cire ka toshe. Ka yi aikin da hunturu, don yawanci da damina suke da jariran da ba sa tashi.

Wajen kwashe kashin, ka yayyafa ruwa tukuna, ka rufe hanci da baki, domin ƙurarsa tana iya ɗaukar ƙwayar cutar huhu. Taki ne mai kyau ga lambu. Kada ka kama jemage da hannu. Wanda ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, ya tafi asibiti a ranar ya nemi allurar rigakafin haukan kare.

Tambaya: Mujiya tana kuka a kan rufinmu kowane dare, mutanen gida sun tsorata, suna cewa a kashe ta. Daga wani dattijo a Ungogo.

Amsa: Baba, a ƙyale ta. Hadisi ingantacce a Bukhari da Muslim ya kore camfi da tsuntsaye, kuma malamai da dama sun fassara "hama" da ke cikinsa da mujiya. Abin da ya kawo ta ɓera ne. Guda ɗaya tana cin uku ko huɗu a dare, in tana da 'ya'ya kuma fiye da haka. Kukanta alama ce cewa akwai ɓera a gidan, sai a bi shawarar da muka bai wa Hajiya a sama. In kuna da 'yan tsaki, a rufe su a akurki kafin magariba, a yi masa raga mai idon da bai wuce santimita ɗaya ba, a kuma binne gindinta santimita 30 a ƙasa saboda gafiya da tunku. Ragar kaji ta kasuwa mai faɗin ido tana tsare kaza ne kawai. Ɓera da maciji suna ratsa ta.