Tsakanin Alhaji da Yaran Shago: Amsa Ga Wani Manaja a Kantin Kwari

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne ke kula da shagunan atamfa da shadda guda biyu na maigidana a Kantin Kwari, da yara shida a ƙarƙashina. Alhaji yakan bugo waya ya ce a ba wane kaya bashi, in an zo lissafi aka ga giɓi ni ake tuhuma. Yaran kuwa, da wasunsu tare muka taso, yanzu kallon ɗan rahoton Alhaji suke yi mini. Albashina bai motsa ba tun kafin a cire tallafin mai. Ko barcin kirki ba na samu. In ajiye aikin ne, ko akwai gyara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ajiye tukuna. Abin da ke hana ka barci a fili yake: an ɗora maka nauyin dukiya, amma ba a ba ka ikon da zai tsare ta ba. Kai ake tambaya in ta ragu, wani ne ke yanke wanda za a ba. Duk wanda aka tsayar a wannan wuri sai ya gaji, komai haƙurinsa, kuma wannan abu ne da ake gyarawa.

Fara da abin da ke hannunka, wato rubutu. Daga yau kada turmi ɗaya ya bar shago a kan maganar baki kawai. In Alhaji ya bugo ya ce a ba wane, ka ce to, ka ba shi, sannan kafin mutumin ya ɗauki kayan ka rubuta a littafin bashi: kwanan wata, suna, turmi nawa, a kan nawa, yaushe zai biya, ya sa hannu. Nan take ka tura wa Alhaji saƙo ta WhatsApp: "Alhaji, na ba wane turmi ashirin bisa umarninka, kuɗi kaza, ya ce zai biya ƙarshen wata." Ko bai amsa ba, saƙon yana nan. Wasu na jin nauyin yin haka, suna ganin kamar rashin yarda ne da maigida. Ai ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Malaman fiƙihu kuma sun ce wanda aka ba amana ba ya ramuwar abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. To ranar da aka zauna lissafi, da me za ka nuna ba ka yi sakaci ba in babu littafi?

Haka kayan sito. Abin da ya shiga da abin da ya fita, kowanne da layinsa, kuma a riƙa ƙirga duk mako, kada a jira sai gab da azumi a yi gagarumin lissafi, lokacin da babu mai tuna abin da ya faru wata biyar baya. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ciniki ya koma taransifa, don haka ka kiyaye abu biyu: kuɗin shago kada ya shiga asusunka ko na wani yaro, kuma kada kaya su fita a kan hoton rasit da kwastoma ya nuna a wayarsa, sai kuɗin sun bayyana a asusun shago. Alat na bogi ya kwantar da mutane da yawa.

In ka yi wata guda kana wannan, sai ka nemi zama da Alhaji. Kada ka tare shi a shago gaban yara, kada kuma ka zaɓi kwanakin cinikin Sallah. Same shi a gida, hankalinsa kwance. Kuma kada ka buɗe da kukan gajiyarka, buɗe da kuɗinsa: bashin da ke waje ya kai kaza, kaza daga ciki ya haura wata uku. Ka tuna masa abin da ya sani sarai. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Yawancin kayan Kwari daga waje suke zuwa, musamman China. Wanda ya karɓi kaya a tsohon farashi ya biya bayan wata shida, kuɗin da ya kawo ba za su sayo ko kusa da abin da ya ɗauka ba. Attajiri yana jin wannan magana.

Daga nan ka roƙe shi ya shata maka iyaka. Ragin nawa za ka iya yi a turmi ba sai ka kira shi ba? Su wane ne ake ba bashi, kuma iya nawa? In yaro ya yi laifi, kai za ka hukunta ko shi? Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci ƙwarai, domin in ka tsawata wa yaro da safe, da yamma ya je ya samu Alhaji aka warware maganarka, gobe babu wanda zai saurare ka. Ko iyakar da ya ba ka ƙarama ce, karɓi. Sanin ta kaɗai zai sauke maka rabin nauyin.

Batun yara kuwa, ka haƙura da cewa abotar ba za ta koma yadda take ba. Abin da za ka nema shi ne su san kai mai adalci ne. In Alhaji ya yi maka faɗa, kada ka juyo ka sauke a kansu; tace maganar, ka isar da abin da ake so a gyara. Gyaran yaro a yi shi a sito, ku biyu. Makara da ƙananan kurakurai ka kashe su a wurinka, amma taɓa kuɗi ko kaya ba a rufa shi, kuma su san haka tun yanzu. Sannan su ga kana kai kukansu sama: kuɗin abinci, kuɗin mota, wanda matarsa ta haihu. Ranar da ka samo musu ƙari, sunan ɗan rahoto zai fara gogewa. Ka ɗauki guda mai natsuwa ka koya masa littafi, domin in babu wanda zai riƙe shago a bayanka, ko jana'iza ba za ka je da kwanciyar rai ba.

Albashi haƙƙinka ne, ka faɗe shi ba tare da kunya ba, amma a zama na biyu, bayan ya ga amfanin tsarin. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar mai ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, cikin kwanaki ta koma wajen 500. A Yulin 2024 aka mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma ma'auni ce da za ka iya ambata cikin ladabi. Ka kuma tambaye shi maganar sallama: yana da niyyar ba ka jari wata rana, kuma yaushe? Na ga mutanen da suka tsufa a shagon wani suna jiran alkawarin da ba a taɓa furtawa ba, abin yana da ciwo. Kada dai takaici ya sa ka fara saka kayanka a shagonsa a ɓoye. In kana son ɗan juya naka, nemi izini a fili.

In ka yi duk wannan, watanni suka wuce Alhaji ya ƙi iyaka, ya ƙi rubutu, giɓi kuma kullum a wuyanka, to sai ka fara neman wani wuri tun kana kan aiki. Ranar tafiya ka sa a ƙirga kaya da kuɗi gaban shaidu biyu daga dattawan layinku, a rubuta, kowa ya sa hannu, sannan ka miƙa makulli. Allah ya buɗa maka.