Wayata ta cika maƙil: wace manhaja zan bari, wacce zan goge?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce, ina zaune a unguwar Aboabo a Kumasi ta ƙasar Ghana, ina sayar da atamfa da mayafai a kasuwar Kejetia. Shekara biyu ke nan da na sayi wayata, kuma yarona ne yake saka mini abubuwa a ciki. Yanzu ta cika har hoto ba ta iya ɗauka, ta yi nauyi, batir ba ya kai la'asar, talla kuma sai ta faɗo mini ko ina tsakiyar wani aiki. Da wayar nan nake karɓar kuɗi ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya na kamfanin MTN, da ita nake tura wa masu saye hotunan kaya. Ga kuma kwamfutar hannu da ƙanena ya aiko wa yara. Don Allah waɗanne manhajoji ne suka dace da harkata ta yau da kullum, kuma yaya zan gane ta ƙwarai da ta banza?

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Kafin in ambaci sunan ko da manhaja ɗaya, ina so ki riƙe wani abu a zuciya: wayar da ake karɓar kuɗi da ita lalitarki ce. Yadda ba kya barin kowa ya zura hannu a lalitar da kike ɗaurawa a ƙugu, haka bai kamata kowace manhaja ta samu shiga wayar nan ba. Saboda haka aikin da ke gabanki ragewa ne, sai daga baya a yi maganar ƙari.

Nauyin da wayar ta yi yana da dalili. Waya tana da wuri iri biyu. Akwai ma'ajiya, wadda take kamar ɗakin da kike tara dilolin kaya, akwai kuma abin da ake kira RAM, wanda yake kamar teburin da kike baza atamfa idan mai saye ya zo. Wayoyin da aka fi saye a nan masu sauƙin kuɗi, da yawansu ma'ajiyarsu gigabait 32 ce ko 64, teburin kuma gigabait 2 ko 3, kuma tun kafin ki saka komai tsarin wayar kansa ya riga ya cinye wani babban kaso. Manhajoji da dama ba sa barci ko kin rufe su. Suna nan a ɓoye suna janyo talla, suna shan data, suna shan batir, sun mamaye teburin. Kwanakin baya wata dattijuwa daga Asawase ta kawo mini wayarta a shago, tana da zafi kamar an ɗauko ta daga kan murhu. Da na buɗe sai na tarar da manhajoji uku masu cewa suna share datti su ƙara wa waya sauri, da biyu masu cewa suna adana batir, da wata ta tocila, alhali wayar da tocilarta ta zo. Ta tocilar nan har izinin ganin lambobin mutane ta karɓa. Shida muka goge, ba mu canza batir ba, ba mu taɓa komai a cikin injin ba, kafin ta gama shan kokon da ta shigo da shi wayar ta huce. Irin waɗannan su za ki fara korewa. Idan kina son mai taya ki shara, Files by Google ta isa: kyauta ce, ba ta da talla, tana nuna miki hotunan da suka maimaitu da manyan bidiyoyin da suka danne wuri.

Yanzu ga yadda ake gane ta ƙwarai. Ke kin fi ni sanin cewa idan aka miƙo miki turmi aka ce GTP ne ko ATL, ba zanen kike tsayawa kallo ba, bakin zanin kike juyawa ki duba tambari, ki shafa ki ji. Manhaja ma tana da bakin zani. A Play Store, ƙarƙashin sunan kowace manhaja akwai sunan kamfanin da ya yi ta. Idan ta banki ce ko ta kamfanin waya, sunan bankin ko kamfanin ya kamata ki gani a wurin, domin masu jabu suna kwaikwayon launi da tambari tsaf. Ki duba yawan waɗanda suka sauke ta, da ranar da aka sabunta ta ta ƙarshe. Wadda aka yi shekaru ba a taɓa ta ba, mai ita ya yi watsi da ita. Taurarin yabo kuwa kada su ruɗe ki, ana sayen su. Ni masu tauraro ɗaya da biyu nake fara karantawa, domin wanda aka cuta shi ke faɗin gaskiya dalla-dalla. Tun 2022 kuma Google ya tilasta wa masu manhajoji su bayyana irin bayanan da suke kwasa, a wani sashe da ake rubuta Data safety a shafin manhajar. Su da kansu suke cikewa, don haka ba hujja ce yankakkiya ba, amma idan manhajar lissafi ta amsa da bakinta cewa tana kwasar inda kike da lambobin mutanenki, ai ta sauƙaƙa miki aiki.

Babban ma'auni shi ne izini. Duk lokacin da manhaja ta nemi wani abu, ki tambayi kanki: me za ta yi da shi a aikin da na ɗauko ta dominsa? Taswira tana da hujjar sanin inda kike. WhatsApp tana da hujjar ganin lambobi da kyamara. To wasan yara me ya haɗa shi da saƙonninki na tes, inda sanarwar kuɗi da lambobin tabbatarwa suke shigowa? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ba ki manhaja kyauta yana cin riba ta wata hanya, ko ta talla, ko ta sayar da bayananki, kuma haƙƙinki ne ki san wacce ce a ciki. Ki shiga saitin wayar, wajen manhajoji, ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki janye duk izinin da bai zauna miki ba. Ki kuma roƙi yaronki, cikin lalama, ya daina karɓo manhaja daga wayar abokai ko ta wani adireshi da aka turo a guruf. Nan ne ɓarayin manhajoji suka fi shigowa. Har da irin su GB WhatsApp da samari ke so: ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba, kuma yana iya rufe lambar mai amfani da su. Ki yi tunanin ranar da za ki wayi gari lambar da duk masu sayenki suka sani ta rufe ana saura mako guda Sallah.

A kan kuɗi, shawarata ta gaskiya ita ce ba lallai sai da manhaja ba. *170# yana yin kusan duk abin da kike buƙata a MoMo, ba ya cin data, ba ya cin wuri, yana aiki ko intanet ya ɗauke. Tun 2018 ana iya tura kuɗi daga wannan layi zuwa wancan kai tsaye, harajin tura kuɗi ta waya, wato e-levy, da aka fara a 2022 kuma an soke shi a 2025. Manhajar MoMo ta kamfanin tana da amfani wajen ganin tarihin ciniki a jere, idan wayar ta samu sarari ki saka ta. Amma ko da wacce kike aiki, idan mai saye ya nuna miki hoton saƙo ya ce ya turo, ko wani ya kira yana kuka wai ya yi kuskuren turo miki kuɗi, ki duba ragowar kuɗinki da kanki kafin ki miƙa ko ƙyalle. Lambar sirrinki kuwa babu ma'aikacin da yake da hurumin tambayarta. Katin inshorar lafiya ma ana sabunta shi ta *929# ba tare da an sauke komai ba. Wutar lantarki ce za ki iya buƙatar manhajar ECG PowerApp, idan mitar gidanku tana cikin waɗanda ke karɓar sayayya ta waya.

Akwai wani rukuni da nake roƙonki da girman Allah ki nisanta, wato manhajojin ba da bashi nan take da ake tallatawa a Facebook da TikTok. Na ga abin da suka yi wa wani matashi tela a unguwarmu. Ɗan kuɗi kaɗan ya karɓa don sayen zare da kayan aiki, aka zaftare wani kaso tun kafin kuɗin ya shigo, wa'adin kuma 'yan kwanaki. Ranar da ya makara, aka ɗauki hotonsa aka rubuta ɓarawo a kai, aka tura wa mutanen da ke cikin wayarsa, har da surukinsa da malaminsa na makarantar allo. Ya zauna a bencin shagona yana juya wayar a hannu, ya kasa ɗaga kai. Ranar da ya danna amincewa ba tare da ya karanta ba, ranar ya miƙa musu lambobin da hotunan. Babban Bankin Ghana ya sha fitar da gargaɗi da jerin sunayen irin waɗannan manhajoji marasa lasisi, a 2023 kuma hukumomi sun kai samame a Accra sun kama masu gudanar da wasunsu. A shekarar ce Google ya hana manhajojin bashi shiga lambobi da hotunan mutane, shi ya sa yanzu da yawansu ta saƙo suke turo adireshi su ce a sauke daga can. Idan jari ya yi ƙasa, adashinku na kasuwa ko banki mai lasisi ya fi miki rufin asiri nesa ba kusa ba. Wanda kuma ya riga ya faɗa hannunsu, Hukumar Tsaron Intanet ta ƙasa tana karɓar ƙorafi ta lamba 292.

Abin da harkarki take buƙata bai fi a ƙirga da yatsu ba. WhatsApp Business ta fi ta kullum dacewa da ke, domin za ki jera hotunan kaya da farashinsu a wuri guda, mai saye ya duba da kansa, ki huta da tura hoto talatin ga kowane mutum. Ki kunna mata tabbatarwa mai mataki biyu, wato lambar sirri mai lamba shida. Ki kuma kashe saukar da hotuna da bidiyo kai tsaye, domin ina da yaƙinin rabin abin da ya cika wayarki bidiyoyin guruf-guruf na aure da suna da wa'azi ne da ba ki ma buɗe ba. Facebook Lite ta fi babbar sauƙi a kan ƙaramar waya. Don rubuta bashi, Google Keep ta wadatar: suna, kaya, kuɗi, rana. Amma kada ki yar da littafinki na takarda. Ki riƙa ɗaukar hoton shafin kowace yamma, idan ɗaya ya ɓata ɗaya na nan. Lambobin mutane kuma ki sa a ajiye su a asusunki na Google maimakon kan SIM ko cikin wayar, don ko an fizge ta a cunkoson Kejetia, sabuwa na shiga hannunki za su dawo. Asusun yana ba da gigabait 15 kyauta, ajiyar WhatsApp ma a ciki ake lissafa ta yanzu, don haka ki cire bidiyo daga abin da ake ajiyewa. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa da ƙ da ɗ da ɓ. Google Translate zai taimaka miki da masu saye daga Togo da Burkina Faso masu Faransanci, ya san Hausa, an ƙara masa Twi a 2022, sai dai farashi da adadi ki rubuta su da lambobi, kada ki bar wa fassara. GhanaPostGPS tana ba ki adireshin gida ko shago idan ana cike takarda ko za a kawo saƙo. Bolt ko Yango, ɗaya ta isa, don kiran motar haya ranar da kaya suka fi ƙarfin trotro, wato ƙaramar bas ta haya.

Manhajar lokutan salla ɗaya tak ki bari. Lissafin lokaci daga rana da wurin da mutum yake ake yin sa, saboda haka ki zaɓi wadda za ki rubuta Kumasi da hannu ta yi aiki ba tare da tana bibiyar sawunki ba, wadda kuma ba ta cusa talla a tsakiyar ayoyi. Ta Alƙur'ani ki duba ko riwayar Hafsu ce ko Warshu, ta dace da wadda kuke karatu da ita a gida. Kwanan watan da manhaja ke nunawa lissafi ne, yakan saɓa da kwana ɗaya, don haka azumi da Sallah sanarwar ofishin Babban Limamin ƙasa ake jira.

Kwamfutar yara kuwa alheri ce ƙanenki ya yi miki, domin ita za ta raba su da wayarki. Kada ki saka mata layinki na kuɗi, kada kuma ki shiga da asusunki na Google. A buɗe wa yaran nasu ta Family Link, inda daga wayarki za ki amince ko ki hana duk manhajar da suke son saukewa, ki kuma yanka musu awannin da allon zai yi a kunne. YouTube Kids ta fi babbar tsafta, amma tacewarta ba ta kama komai, gara su riƙa kallo a tsakar gida inda kunnenki ke jin abin da ke fita. Wasannin da ke cikin wayarki duk a kwashe su a mayar can. Yaron naki da ya iya saka abubuwa, shi za ki zaunar a gefenki bayan isha'i, ku buɗe jerin manhajojin tun daga sama, yana karanto suna kina faɗin ranar da kika buɗe ta ta ƙarshe. Wadda kika kasa tunawa, ya goge ta a gabanki.