Me ya sa galaksi masu fitar da rediyo suke da siffofi kala-kala?

Tambaya: Malam barka da aiki, daga Bukuru nake rubutowa. Na ga hotunan galaksi, wato manyan tarin taurari, da aka ɗauka da na'urar rediyo, wasu kamar ƙunshi biyu gefe da gefe, wasu a lanƙwashe, wata ma kamar harafin X. Don Allah me ke kawo haka?

Amsa: Yawwa ƙanina. A tsakiyar irin waɗannan galaksi akwai ƙaton baƙin rami, wato wani dunƙulallen abu mai tsananin ja da ko haske ba ya kuɓuce masa, na galaksin M87 ma nauyinsa ya kai na rana biliyan 6.5, to yayin da yake zuƙar gas sai wani ɓangare ya kuɓuce ya fita ta gefe biyu a feshi, da gudu kusan na haske. Elektiron ɗin cikin feshin, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki, suna ta juyi a cikin maganaɗisu, wannan juyin ne ke fitar da igiyar rediyon da muke kamawa. Siffar kuwa kokawa ce tsakanin ƙarfin feshin da gas ɗin da ya tarar a hanya.

Ka tsaya wajen masu wankin mota a Terminus ta Jos ka kalli tiyo. In inji na da ƙarfi ruwan siriri yake tafiya, sai ya daki jikin mota sannan ya fantsama, wani ma ya dawo ya jiƙa yaron. Haka galaksin Cygnus A take, haskenta can ƙarshe yake inda feshin ya yi karo. In kuma ruwan ba ƙarfi, tun bakin tiyo yake bajewa, irin su galaksin 3C 31 ke nan, tsakiya haske, gefe dishi-dishi. Bernard Fanaroff ɗan Afirka ta Kudu da Julia Riley ne suka raba su gida biyun nan a 1974.

Masu lanƙwasa ba wuya. Galaksin NGC 1265 gudu take cikin zazzafan gas na gungun galaksi na Perseus, sai feshin ya koma baya kamar babbar rigar mai babur.

X ɗin ne dai har yau ake musu. Wasu sun ce baƙin rami biyu ne suka haɗe, saitin feshin ya juya, tsohon sawun ya rage. Wasu sun ce a'a, feshin da ke dawowa ne, kamar wancan ruwan tiyon, ya bugi gas ɗin galaksin ya bazu gefe. Ni na fi karkata ga na biyun, aƙalla a kan galaksin PKS 2014-55, don a hoton da na'urar rediyo ta MeerKAT da ke Afirka ta Kudu ta fitar a 2020 ana ganin kwanar da gas ɗin ya sha ƙarara.