Amsoshin Tambayoyinku: Neman Asalin Kakanni a Jamus

Wasiƙun wannan makon kusan duk kan abu ɗaya suka zo. Masu aure da Jamusawa da 'ya'yansu, har da wani ɗan uwa daga Kamaru, kowa yana son bin salsalar kakansa na Jamus, kuma kowa ya riga ya sa hannu a aljihu. Ku dakata ku ji tukuna.

Malam, shekarata goma sha huɗu da aure a Kolon. Maigidana Bajamushe ne, mahaifinsa ya rasu bara. Yara sun fara tambayar kakanninsu na wajen uba, shi kuwa ko sunan kakan babansa bai sani ba. Abin yana damuna ƙwarai. In biya kuɗin shekara na Ancestry, shafin intanet na binciken nasaba?

'Yar uwa, Allah ya ba ku haƙurin rashi, kuma ki kwantar da hankalinki. Jamusawa mutane ne masu rubuta komai, da wuya a rasa sawun kakan yaranki. Amma kada ki biya komai yanzu.

Sai a 1871 Jamus ta zama ƙasa ɗaya. Kafin nan masarautu ne da birane barkatai, kowanne da littattafansa, kuma har gobe a gari ko a jiha ake ajiye su. Saboda haka abu biyu za ki fara nema: sunan garin da aka haifi mutum, da kuma cocinsu, Katolika ne ko 'yan Luther. Ki sa maigida ya buɗe akwatin marigayi. Za ku iya samun Stammbuch, ɗan littafin da ake ba ma'aurata ranar ɗaurin aure, da takardun baftisma, da hotuna masu rubutu a bayansu. A gidaje da yawa akan tarar da Ahnenpass, littafin tabbatar da asali na zamanin 'yan Nazi. Da mugun nufi aka ƙirƙiro shi, amma sunaye da ranakun da ke ciki suna rage aiki, in dai an sake tantance su. Idan akwai wata gwaggo da ta rage, ku kai mata ziyara wannan watan, kada ku ce sai an yi hutu.

Daga nan sai Standesamt, ofishin rajistar haihuwa da aure da mutuwa na garin. A faɗin ƙasar an fara wannan rajista ranar 1 ga Janairun 1876, a Prusiya, babbar masarautar Jamus ta wancan lokaci, tun Oktoban 1874, a Kolon da sauran garuruwan yammacin kogin Rhein kuwa tun 1798, lokacin da Faransa ke riƙe da su. Dokar da ta fara aiki a 2009 ta ce rajistar haihuwa tana zama a ofishin shekara 110, ta aure 80, ta mutuwa 30, sannan a miƙa ta ga gidan adana takardun tarihi inda kowa zai iya gani. Kafin cikar wa'adin sai na jiki ake ba wa, don haka maigida ne zai sa hannu a wasiƙar. Kuɗin takarda ɗaya yuro goma da 'yan kai ne. Ku ce kwafin shafin rajistar gaba ɗaya kuke so, ba gajeriyar shaida ba, domin a gefen shafin ne ma'aikata kan rubuta inda mutum ya yi aure da inda ya rasu.

Abin da ya gabaci rajistar gwamnati yana cikin littattafan coci. Na Katolika da yawa suna shafin intanet na Matricula, kyauta. Na 'yan Luther suna shafin Archion, wajen yuro ashirin a wata. Duba sunayen garuruwan da suke da su ba ya cin ko sisi, sai ki tabbatar garinku yana ciki, ki jera abin da kike nema, ki sayi wata ɗaya tak. Shafin binciken nasaba na FamilySearch ma kyauta ne. In kin gama da waɗannan, ke da kanki za ki san ko akwai sauran abin biya.

A ba ni adireshin babban ofishin da zan rubuta sunan mutum kawai, a fito min da tarihinsa duka.

Babu shi, Malam, kuma duk wanda ya ce maka yana da hanyar shiga can, kuɗinka yake so. Ka ma aiko da tambaya ba ka faɗi gari ba, ba ka faɗi shekara ba. Garuruwa masu suna Neustadt kaɗai sun fi ashirin. Je ka nemo sunan gari da gundumarsa, ka duba shi a GOV, kundin sunayen garuruwa a intanet na ƙungiyar masu binciken nasaba ta CompGen, sannan ka dawo.

Na ga wani kanti a intanet yana sayar da tambarin gidan su matata, sunansu Schneider, cikin firam mai ruwan zinariya, da tarihin gidan tun shekarar 1200, kan yuro 240. Sun ce asalinsu sarauta ne. Ina so in yi wa surukata kyauta.

Ɗana, niyyarka mai kyau ce, amma kada ka saya. Wannan ciniki yana ƙona min rai, bari in yi maganarsa da tsawo, domin ba kai kaɗai suke kamawa ba.

Schneider yana nufin maɗinki. Müller mai niƙa ne, Schmidt maƙeri. Sunayen sana'a ne, dubban gidaje da ba su haɗa ko da maƙwabtaka ba suna amsa su. Wa zai yarda a ce masa duk mai amsa sunan Maƙeri daga Katsina zuwa Damagaram ɗan ɗaki ɗaya ne? A al'adar Jamus tambari na zuriya ɗaya ne takamaimai, wadda ta fito daga mutumin da ya fara amfani da shi, ba na duk mai irin sunan ba. Abin da waɗannan kantuna ke yi shi ne su buɗe wani tsohon kundin tambura, su ɗauko na wani Schneider da ya rayu a wata jiha can daban, su buga, su liƙa masa labarin da suke liƙa wa kowa. Tsohuwar damfara ce, tun ƙarni na 19 Jamusawa suke fama da ita. Da firam ɗin da takardar ba su kai kuɗin cefanen yini ɗaya ba, sauran duk ladan ƙarya ne.

Shekarar 1200 ɗin nan ma ta ishe ka shaida. Littattafan coci a ƙarni na 16 suka fara, majalisar cocin Katolika ta wajabta rubuta baftisma da aure a 1563. Yaƙin shekara talatin, daga 1618 zuwa 1648, ya cinye da yawa daga cikinsu. Talakan da aka bi salsalarsa har wajen 1650 ya yi sa'a babba. To ina mai kanti ya samo ƙarin shekaru ɗari huɗu da hamsin, alhali bai tambaye ka ko sunan garin surukarka ba? Maroƙi in ya haɗa ka da sarakuna a gidan biki, kowa ya san kirari ne, ka ba shi abin da ya sawwaƙa a watse. Wannan kuwa rataye shi za a yi a bango, jikoki su taso su ɗauka gaskiya ne, su faɗa a makaranta. Abin da ya fi ɓata min rai ke nan. Asalin mutum ba abin wasa ba ne, mu da muka san nauyin jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba bai kamata a same mu muna sayen kakanni ba.

Haka masu sayar da "von", kalmar da 'yan sarauta ke sawa a gaban suna. Tsarin mulkin 1919 ya soke gatan masu sarauta, kalmar ta zama ɓangaren suna kawai, ba ta ƙara wa kowa komai. Haka kuma salsalar da mutane ke kwafa daga juna a intanet ba tare da shaida ba: mutum ɗaya ya yi kuskure, ɗari su ɗauka.

In da gaske kana son sanin ko gidan yana da tambari, akwai ƙungiyar HEROLD a Berlin, wadda aka kafa a 1869, tana riƙe da rajistar tambura tun 1922. Amma sai an fara bin nasaba uba bayan uba. In kuma mai bincike za ka ɗauka, ga yadda ake gane na ƙwarai: zai tambaye ka gari da shekara kafin ya yi maganar kuɗi, zai faɗi kuɗin awa, zai gaya maka tun farko cewa ana iya nema a rasa, kuma kowane suna zai kawo shi da hoton shafi da lambar kundi. Ka biya kashi-kashi, kada ka biya duka a gaba. Surukarka kuwa, ka samo mata kwafin rajistar auren kakanninta da sa hannunsu a jiki. Ba zai ci maka kashi ɗaya cikin goma na wancan kuɗin ba.

Baba, daga Garwa nake. Kakata, wadda aka haifa wajen 1912, ta sha gaya mana mahaifinta sojan Jamus ne. Ta rasu ba ta san sunansa na gaskiya ba. Wani ya ce in ba shi sefa dubu ɗari huɗu zai samo takardun, har da fasfo. Na rasa yadda zan yi.

Ɗana, Allah ya jiƙan kaka. Labarinta ba abin mamaki ba ne. Jamus ta riƙe Kamaru daga 1884 zuwa 1916, kuma sojojinta suna Garwa har watan Yunin 1915, lokacin da Ingila da Faransa suka ƙwace garin. Amma ka riƙe kuɗinka.

Maganar fasfo ka cire ta daga ranka. A dokar wancan zamani, ɗan da aka haifa ba cikin auren da hukuma ta rubuta ba uwa yake bi, kuma yawancin irin wannan zama ba a rubuta shi ba. Gyaran da aka yi wa dokar zama ɗan ƙasa a 2021 ya shafi waɗanda aka haifa bayan 23 ga Mayun 1949 ne, bai kai ga kakarka ba. Hukumar da ke yanke wannan magana tana Kolon, ta ofishin jakadanci ake isa gare ta, ba ta hannun dillali ba.

Sunan mutumin kuwa ana iya nema, ko da yake da wuya. Takardun rundunar sun ƙone a Potsdam a watan Afrilun 1945. Abin da ya tsira shi ne fayilolin ma'aikatar mulkin mallaka, masu lamba R 1001, a Bundesarchiv, gidan adana takardun tarihi na tarayya, da ke Berlin, da mujallar gwamnati Deutsches Kolonialblatt, wadda ke buga sunayen jami'an da aka tura da waɗanda suka koma gida. A Yawunde ma gidan adana takardun ƙasa yana da sashen takardun Jamusawa. Turawan da ke bariki ɗaya a lokaci ɗaya ba su da yawa, don haka laƙabin da mutanen gari suka sa masa, da aikinsa, da shekarar tafiyarsa, suna iya rage sunayen zuwa biyu ko uku. Ka zauna da tsofaffin gidanku ka ɗauki muryarsu a waya tun suna raye. Ko an samu suna, ka riƙe shi a matsayin zato mai ƙarfi, kada ka ce tabbas ne.

Wace ƙungiyar binciken nasaba zan shiga? Dangin mijina daga gabashin Prusiya suka gudo a 1945.

Ta yankin da kakanni suka fito, ba ta garin da kike zaune ba. Taku ita ce Verein für Familienforschung in Ost- und Westpreußen, wadda aka kafa a Königsberg a 1925. Mutanen Rhein suna da tasu a Kolon tun 1913, Bavariya tun 1922, Bremen suna da Die Maus. Kuɗin shekara ba shi da yawa, kuma tsofaffin da ke ciki sun san wane littafi ya tsira, wanne ya ɓata. Yankin naku yanzu yana hannun Poland da Rasha, har da wani yanki a Lituwaniya, saboda haka ki koyi sabon sunan garin. Littattafan da aka tsere da su, na coci da dama suna Evangelisches Zentralarchiv, gidan adana takardun cocin Furotesta, na gwamnati kuma sun bi ta ofishin rajista na Standesamt I, duka a Berlin.

In sayi gwajin ƙwayar halitta don in san jihar kakannina?

A'a. Ƙiyasi zai ba ka, ba sunan gari ba, kuma ka miƙa sirrin jinin danginka duka ga kamfani. Ka sani kuma, dokar Jamus ta hana gwajin tabbatar da uba ba da yardar masu abin ba.

Na samu shafin baftismar kakan mahaifiyata, amma na kasa karanta ko harafi ɗaya, alhali a nan Jamus aka haife ni. Kunya nake ji.

Ba abin kunya ba ne, 'yata, Jamusawan yau ma yawancinsu ba sa iyawa. Sunan rubutun Kurrent, an daina koyar da shi a makarantu a 1941. Kamar wanda ya yi boko zalla ne aka miƙa masa wasiƙar ajami. Ki buga jadawalin haruffan, kyauta ne a intanet, ki fara da abin da kika riga kika sani a shafin, wato sunan gidanku da sunan garin. Ki kula, "e" yana kama da "n", "h" kuma yana da wutsiya sama da ƙasa. In littafin Katolika ne, wataƙila da Latin aka rubuta shi, kalmomin da ke maimaituwa kuma ba su da yawa. Ki ba shi rabin awa kullum har sati uku. Layin da ya gagare ki, ki kai wa ƙungiyar masu binciken nasaba ta garinku ranar zamansu, ki tafi da shafin gaba ɗaya, domin da sauran layukan ake gane hannun limamin cocin.