Matan da ke tashi sama da takobi: tsafi ne ko dabara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Daga wani ƙauye nake rubuto miki a ƙaramar hukumar Ringim. Yayan yarinyata ya je wajen masu tura finafinai ranar kasuwa, aka saka masa wani fim ɗin Chainis a waya. Mata ne a ciki suke faɗa da takobi, suna gudu a kan rufin gidaje, har akwai inda yarinya ta tsaya a kan reshen gora bai karye ba. Tun daga ranar 'yata mai shekara 11 ta ɗauki kara ta mai da shi takobi, jiya har dirowa ta yi daga katanga. Kakarta ta ce tsafi ne, da aljanu suke aiki, a goge shi. Babanta kuma ya ce fim ɗin da mata ke dukan maza fitsara kawai zai koya mata. Anti, gaskiyar wa zan ɗauka?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Yadda kika siffanta shi, na fi zaton Crouching Tiger, Hidden Dragon ne, wanda Ang Lee ya ba da umarni, ya fito a shekarar 2000 ya kuma ci kyautar Oscar huɗu. In ma ba shi ba ne, ɗan gidansu ne, amsar ɗaya ce.

Ki gaishe min da Inna, ki ce mata babu aljani ko ɗaya a ciki, igiya ce. Ana ɗaura wa jarumar ɗamara mai ƙarfi a ƙugu da cinyoyi a ƙarƙashin tufafinta, a maƙala siririyar wayar ƙarfe, a ratsa ta kan wani ƙarfe mai juyawa can sama, sai ƙarti su riƙe ɗaya bakin a bayan kyamara. In ta yi tsalle su ja, ta yi sama. Su sassauta, ta sauko a hankali, kamar dai yadda ake jan guga a rijiya mai zurfi. Bayan an gama ɗauka sai a zauna gaban kwamfuta a goge wayar daga hoton. Wanda ya tsara faɗan fim ɗin, Yuen Woo-ping, ya shekara da shekaru yana wannan sana'a a Hong Kong, shi ne ma Amurkawa suka ɗauka ya tsara musu faɗan The Matrix.

Abin da zai ba ki mamaki, manyan matan biyu asalinsu rawa suka koya tun suna yara. Michelle Yeoh, 'yar ƙasar Maleshiya, da Zhang Ziyi wadda ta yi makarantar rawa a Beijin. Shi ya sa faɗan ke tafiya da ƙa'ida, kowane taku an haddace shi, kowane sara an san inda zai tsaya. Duk da igiyar da tarin ma'aikatan, Michelle Yeoh sai da jijiyar gwiwarta ta tsinke ana cikin aikin, aka yi mata tiyata. Wannan labarin ki ba wa mai dirowa daga katanga, da kakkausar murya, domin ita ba ta da igiya, ba ta da katifa a ƙasa, kuma kin fi ni sanin nisan da ke tsakaninku da babban asibiti.

Su mutanen Sin irin wannan labari tsohon abu ne a wurinsu, wuxia suke ce masa, labaran mayaƙa masu yawo da takobi da suka horar da jikinsu har ya yi sauƙin tashi. Ba wanda ke fita daga gidan kallo yana zaton maƙwabcinsa zai iya. Inna da kanta, na tabbata, ta sha zaunar da jikoki bayan sallar isha ta ce ga ta nan ga ta nanku, Gizo ya yi magana, Dodo ya haɗiye gari guda, ba wanda ya ce tana tsafi.

Maganar maigida ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta, don yana da rabin gaskiya, sai dai ya ɗora ta inda ba nan take ba. Mace ta riƙe makami ba shi ne matsalar ba. Sarauniya Mangu ta Lugu, can ƙasar Nijar, ta tari rundunar Faransawa a 1899, ba wanda ya kira ta fitsararriya. Abin da nake dubawa a irin waɗannan finafinai shi ne, don idon wa aka shirya matan. A wannan fim ɗin akwai wurin da matan biyu suka kara a cikin wani zaure. Babbar tana ɗauko makami daga jikin bango, takobin yarinyar ya lalata shi, ta jefar ta ɗauko wani, har ta ɗago wani ƙarfe da ya fi ƙarfinta ya rinjaye ta. Dukansu a suturce suke tun daga wuya har idon sawu. Abin da kyamara ke bi shi ne hannu da ƙafa da fuska, kina ganin haƙurin babba da rawar kan ƙarama, wadda ta saci takobin da ba nata ba, ga baiwa ga rashin jin magana. Fim ɗin kuma bai yaba mata ba, taurin kanta ne ya jawo mutuwar mutumin da ya so ya zama malaminta.

Ki kwatanta da Sucker Punch na Zack Snyder, wanda ya fito a 2011. Shi ma 'yan mata biyar ne ke jan ragamarsa, suna yaƙi da dodanni da mutum-mutumi a duniyar da ɗayarsu ke ƙirƙira a ranta tana tsare a asibitin masu taɓin hankali. An kashe kuɗi, hotuna kamar zane, amma an sa musu guntayen kaya, kyamara kuma ta fi damuwa da jikinsu a kan abin da ke ransu. Ko a can Amurka masu sharhi da yawa sun soke shi a kan haka. Ni wannan ba zan bar shi a wayar gidana ba, alhali shi ma sunansa fim ɗin jarumai mata. To kin ga tambayar da ya kamata maigida ya riƙa yi ke nan in an kawo sabo, ba wa ya doki wa ba.

Amma fa ban ce ki sakar mata wayar ba. A Amurka an sa wa Crouching Tiger ɗin alamar da ke gargaɗin iyaye cewa wasu wuraren ba su dace da 'yan ƙasa da shekara 13 ba, taki kuma 11 gare ta. A tsakiyarsa akwai dogon labarin soyayya a hamada tsakanin yarinyar da wani ɗan fashi, wanda ba na yara ba ne, sai ki tsallake shi. A ƙarshe kuma yarinyar ta faɗa daga kan gada a saman dutse, an nuna ta tana shawagi cikin hazo kamar abin sha'awa. Wannan wurin kada 'yarki ta kalle shi ita kaɗai. Ki karɓi wayar daga hannun yayan, ki fara kallo da kanki bayan sun yi barci, sannan ki zaɓi wuraren faɗan ku kalla tare, ki riƙa tambayarta inda take ganin aka ɗaura igiyar. Shi kuma yayan a ja masa kunne, duk abin da aka tura masa a kasuwa ya fara biyowa ta hannunki ko na babansu kafin ƙannensa su gani.