Rigar da Kawu Ya Gani a Hoto

Kawu, na ga saƙonka kan hoton yaron wajena da rigar nan duk faci, an jera mata marafan kwalba, yana tafiya tana kacau-kacau. Ka ce talauci ne ya kama 'yan Zango ko taɓuwa? Ko ɗaya. Da gangan ya ɗinka ta haka.

A Kantamanto, kasuwar gwanjo ta nan Ankara (ta Gana fa, ba ta Turkiyya ba), tufafi kusan miliyan 15 ke sauka duk mako. Mutanen gari suna ce musu obroni wawu, wato Bature ya mutu. Ɗan kasuwa zai biya kuɗin dila bai ga cikinta ba, kayayei, wato mata 'yan dako, su ɗauko masa ita a ka, kilo 55, ya kwance ya tarar da wajen kashi 40 cikin 100 ba mai saye. Wannan ragowar ce ke toshe kwatoci, ta gangara tafkin Korle, teku kuma ta amayo ta bakin gaɓa a murɗe kamar igiya. Ga gobarar Janairun 2025 da ta lashe galibin rumfunan.

A cikin wannan tsumma yaranmu suka buɗe ido. Sai su tsinto, su yanka, su haɗa, su ƙi kalmasa baki don zare ya riƙa zubewa. Wasu har ƙusa mai tsatsa suke naɗewa cikin yadi ya ci launi. Rigar kullum sake kama take har ta ƙare, kuma abin da suke so a gani ke nan. Wurin nuna ta shi ne Chale Wote, bikin fasahar kan titi, wanda aka fara a unguwar Jamestown ta nan Ankara a 2011.

Ni dai ba zan sa ba, dattawan unguwar Nima ma tsaki suke yi. Ranar Juma'a kuwa yaron nan da shaddarsa yake zuwa masallaci.

Amma Kawu, turkuɗin Kura fa? Shuninsa a jikin Buzu yake ƙarewa, ba wanda ya ce marini ya cuce shi, kuma ƙyallin nan sai an ci dukan mabuga ake samunsa. Da na faɗa wa yaron haka, sai ya ce in roƙe ka, in ka bi ta wajen masu bugu, ka ɗauko masa sautin a waya, da shi yake so a yi tafiyar nuna rigunansa bana.