Tambaya da Amsa: Amurkawa da Sayen Gida a Bakin Tekun Ƙasashen Waje

Wasiƙu uku ne suka iso mana daga Zariya a kan batu guda, wato yadda Amurkawa ke barin ƙasarsu suna sayen gidaje a garuruwan shaƙatawa na bakin teku. Mun haɗa su wuri ɗaya, mun kuma fi tsayawa a kan ta farko saboda dukiyar iyali ce ke cikinta.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Babban yarona ya daɗe yana aikin jinya a Amurka, har ya zama ɗan ƙasa, ya kuma mallaki gida a can. Yanzu ya ce shi da maiɗakinsa, wadda Ba'amurkiya ce, za su sayar da gidan su sayi wani a bakin teku a ƙasar Meziko, wai abokan aikinsu da yawa sun yi haka kuma rayuwa ta fi sauƙi. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Shin baƙo yana iya mallakar gida a can kamar ɗan ƙasa? Mece ce shawarar da zan ba shi? Daga wata uwa, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya, Allah ya raya zuri'a. Abin da ɗanki ya faɗa miki game da abokan aikinsa ba ƙari ba ne. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ƙiyasta cewa 'yan ƙasarta kusan miliyan 1.6 ne ke zaune a Meziko, ko da yake da yawa daga cikinsu 'ya'yan 'yan Meziko ne da aka haifa a Amurka. Sauran kuwa akasari 'yan fansho ne da masu aiki ta intanet, waɗanda suka lura cewa dalar da ba ta isarsu a gida tana yi musu auki a garuruwa irin su Puerto Vallarta da Los Cabos a ɓangaren tekun Fasifik, da kuma Kankun da Tulum a ɓangaren Karibiyan. Tsadar gida da tsadar magani a Amurka, da sanyin hunturu, da kusancin da ke ba mutum damar ganin jikokinsa bayan tafiyar sa'o'i kaɗan a jirgin sama, su ne manyan dalilan.

Amma tambayarki ta mallaka ita ce gundarin magana, kuma amsarta ba ta zo daidai da abin da dillalai ke nunawa a hotunan talla ba. Sashe na 27 na kundin tsarin mulkin Meziko na shekarar 1917 ya hana baƙo mallakar fili kai tsaye a cikin kilomita 50 daga bakin teku, da kilomita 100 daga kan iyaka. Ƙasar da ta rasa kusan rabin faɗinta ga Amurka a yarjejeniyar 1848 tana da dalilin yin taka-tsantsan da maƙwabciyarta. Duk garuruwan da na lissafa suna cikin wannan yanki. Hanyar da doka ta buɗe ita ce ta amanar banki, wadda ake kira fidekomiso: wani bankin Meziko ne zai riƙe takardar gidan da sunansa, shi kuwa mai saye ya zama mai cin moriyar amanar, yana da ikon zama a ciki, ko ba da haya, ko sayarwa, ko ambata wanda zai gaje shi. Wa'adin amanar shekara 50 ne, ana iya sabuntawa, kuma ana biyan banki kuɗin hidima duk shekara. Tsari ne halastacce wanda dubban mutane ke amfani da shi lami lafiya, don haka idan ɗanki ya ambace shi kada ki ɗauka damfara ce. Abin da zai sa ki ɗaga murya shi ne idan wani ya ce masa a rubuta gidan da sunan wani ɗan ƙasa don a kauce wa kuɗin banki, domin a idon hukuma wanda sunansa ke kan takarda shi ne mai gida.

Akwai wani rami da ya fi wannan zurfi. Bayan juyin juya halin Meziko an raba wa ƙauyuka filaye masu yawa a matsayin mallakar jama'a, ana kiransu ehido, kuma wani kaso mai tsoka na gaɓar tekun ƙasar yana cikinsu. Gyaran da aka yi wa doka a 1992 ya ba da damar mayar da irin wannan fili mallakar mutum ɗaya, amma sai taron masu haƙƙi ya amince, an kuma bi matakan hukuma har an fitar da sabuwar takarda. Kafin nan, duk abin da wani ɗan ƙauyen ya rubuta wa baƙo ba ya zama mallaka. Hajiya kin san yadda ake yi da gonar gado a nan Zazzau, inda ɗaya daga cikin magada zai sayar tun ba a raba ba, mai saye ya yi gini, sannan sauran su fito da hujjarsu a gaban alƙali. Irin haka ta faru a Punta Banda, kusa da garin Ensenada, a shekarar 2000, lokacin da aka fitar da Amurkawa da dama, galibinsu tsofaffi 'yan fansho, daga gidajen da suka gina da kuɗinsu, bayan kotu ta tabbatar cewa filin ba na waɗanda suka ba da hayarsa ba ne. Shi kansa yashin bakin ruwa ba na sayarwa ba ne, domin mita 20 daga inda ruwa ke kaiwa idan teku ta cika mallakar gwamnatin tarayya ce, sai dai a nemi izinin amfani.

Saboda haka ki gaya masa ya ɗauki lauyan kansa, wanda babu abin da ya haɗa shi da dillali ko kamfanin gini, a bincika asalin takardar a ofishin rajistar filaye, a kuma kammala cinikin a gaban jami'in da gwamnati ta naɗa don shaida irin wannan ciniki, wanda a Meziko cikakken lauya ne mai nauyi a wuyansa. Ya yi hattara da gidan da ba a gina ba tukuna, wanda ake karɓar kuɗinsa bisa zane, domin nan ne aka fi jin kukan jinkiri da ayyukan da aka yasar.

Sai kuma ita tekun. A watan Oktoba na 2023 mahaukaciyar guguwa Otis ta ragargaza Akafulko, kamar yadda Odile ta yi wa Los Cabos a 2014, Wilma kuma ta yi wa Kankun a 2005. Ko babu guguwa, iskar gishiri tana cin ƙarfe da na'urar sanyaya ɗaki da wayoyin lantarki, sannan a 'yan shekarun nan wata ciyawar teku tana taruwa a gaɓar Karibiyan tana ruɓewa da wari. Kuɗin inshora da na gyara da na haɗakar masu gidaje a bene ɗaya suna iya cinye rangwamen da mutum ya yi murna da shi ranar ciniki.

Barin Amurka kuma ba ya raba mutum da hukumar harajinta. Amurka tana cikin ƙasashe ƙalilan da ke bin ɗan ƙasa da haraji duk inda yake zaune a duniya, don haka dole ya ci gaba da cike takardun shekara-shekara, kuma idan jimillar kuɗinsa a bankunan waje ta haura dala 10,000 wajibi ne ya sanar. Wata dokar harajin Amurka ta 2010 mai suna FATCA ta sa bankunan waje su ma suna kai rahoto. Fanshon gwamnati yana iya biyo shi Meziko, amma Medicare, inshorar lafiyar da ake shiga a shekara 65, a mafi yawan lokuta ba ta biyan magani a wajen Amurka. Izinin zama shi ma daban ake nemansa a ofishin jakadanci, kuma lasisin jinyarsa na Amurka ba zai ba shi damar kama aiki a can kai tsaye ba. Wani abin da ke uwa ce za ki fi kowa iya tunatar da shi: Musulmi 'yan ƙalilan ne a Meziko, ya kamata ya san inda zai yi Juma'a, da inda zai sami nama, da makarantar yara, da kuma maƙabarta.

Ra'ayina shi ne kada ya sayar da gidansa yanzu. Ya ba da shi haya, shi ma ya kama haya a garin da yake so na shekara guda cur, ya ga daminarsa da zafinsa, ba watannin da baƙi ke cika otal kaɗai ba. Gida a garin shaƙatawa yana da sauƙin saye, amma yakan daɗe a kasuwa idan an tashi sayarwa.

TAMBAYA: Malam, ina da aboki baƙar fatar Amurka wanda muka yi karatu tare, yana son ya koma Afirka ya zauna kusa da teku. Ya aiko yana tambaya ko in saya masa fili a Lekki da sunana, ko kuwa ya nufi Gana. Daga wani ɗan kasuwa, Sabon Gari, Zariya.

AMSA: Alhaji, sayen fili da sunanka alhali kuɗin na wani ne hanya ce ta ɓata zumunci, kuma idan ɗayanku ya riga mu gidan gaskiya magada ne za su shiga rigimar da ba su san mafarinta ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, amana don amfanin 'yan Nijeriya, kuma abin da kowa ke riƙewa izinin zama ne, galibi na shekara 99, wanda ba a sauya masa hannu sai da yardar gwamna. A 2017 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a wata shari'a da ta taso daga nan jihar Kaduna, a kan filin Kajuru da wani Bajamushe ya yi gini a kai amma aka rubuta takardar da sunan wani kamfani, inda ta ƙi tabbatar masa da mallaka, ta kuma nuna cewa dokar ta 1978 domin 'yan ƙasa aka yi ta. Legas tana da tata dokar ta musamman a kan baƙi da filaye, wadda ke buƙatar amincewar gwamna, don haka sai ya nemi lauya a can ya duba masa hanyar haya mai tsawo ko ta kamfani mai rajista. Ya kuma sa a duba taswirar babbar hanyar gaɓar teku ta Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kimanin kilomita 700, domin a 2024 an rushe gine-gine a bakin ruwa saboda aikinta.

Gana ta fi mu shiri wajen karɓar irinsa. A 2019 ta yi gangamin shekarar dawowa gida, cika shekara 400 da kai bayin Afirka Birjiniya ta Amurka a 1619, kuma baƙaƙen Amurka da dama sun zauna a Akara da yankin Cape Coast da Elmina. Sai dai kundin tsarin mulkinta na 1992 bai yarda baƙo ya riƙe fili fiye da hayar shekara 50 a lokaci guda ba, kuma yawancin filayen ƙasar suna hannun sarakuna da dangi, inda sayar da fili ɗaya ga mutum biyu sanannen abu ne. Shi ɗan Hajiya na tambayar farko, idan a Nijeriya zai sayi fili, lamarinsa daban ne, domin ɗan Nijeriya na haihuwa ba ya rasa 'yancinsa don ya karɓi fasfon wata ƙasa.

TAMBAYA: Shin mutanen waɗannan garuruwa suna amfana da zuwan Amurkawan, ko cutuwa suke yi? Daga wata ɗaliba, Samaru.

AMSA: 'Yata, duka biyun suna faruwa, amma ba mutum ɗaya ke samun riba da asarar ba. Mai fili da magini da mai gidan abinci suna samu, shi kuwa malamin makaranta ko mai aikin otal da ke biyan haya da kuɗin ƙasarsa yana gogayya da mai dala, har a tura shi bayan gari. Fotugal ta buɗe shirin ba da izinin zama ga baƙon da ya sayi gida na yuro 500,000 a 2012, lokacin da take cikin matsin tattalin arziki, kuɗi suka kwarara Lisbon da gaɓar Algarve, sannan a watan Oktoba na 2023 ta cire sayen gida daga shirin saboda kukan tsadar muhalli. Sifaniya ta rufe nata gaba ɗaya a watan Afrilu na 2025. Kosta Rika kuwa tun 1977 ta keɓe mita 200 daga bakin teku: mita 50 na farko na jama'a ne, ba a gini ba a sayarwa, sauran 150 kuma izinin amfani kawai ƙaramar hukuma ke bayarwa, kuma baƙon da bai yi shekara biyar a ƙasar ba ba ya samunsa da sunansa. Duk da haka a lardin Guanacaste, inda rani ke da tsawo, an sha samun saɓani tsakanin ƙauyuka da masu manyan otal a kan ruwan sha.